Alkukin Gidan Ragaban

Ni Nomau, magini ɗan magini,
hannuna ya san jar ƙasar Gusau
tun tana ɗanya a bakin gulbi.
Zamanin da masaƙa ke kwana tana ruri,
Ragaban, Ba'indiyen da ke duba injin zare,
ya same ni kan tsani, ya ce in sauko.

Ya juya bayan kalanda, ya zana mini garinsu:
hasumiya hawa bakwai, tana tsukewa sama kamar dalar gyaɗa,
kowane hawa cike da masu rawa na dutse,
wani da sarewa, wata da hannu huɗu,
ga mai kan giwa zaune, haure ɗaya a karye.
Ya ce kakansa ne ya sassaƙa ƙafar wata a cikinsu,
shekara uku a kan ƙafa ɗaya.

Na ce: Yallaɓai, ni ba na yin fuska.
Dagi na iya, da zanko, da bakan gizo.
Ya kaɗa kai irin nasu,
wanda ba ka sanin i ne ko a'a.
Ya ce: Kai dai gina ɗakin.
Mai ɗakin yana cikin akwati.

Kamu biyu tsawo, kamu ɗaya faɗi,
ƙofa ta dubi gabas, nan ya kafe.
Na cuɗa ƙasa da makuba,
na ɗora hawa bakwai ƙanana, kowane kamar yatsa uku,
bisa ƙololuwa, da ya rasa tulun tagulla,
muka kifa ƙoƙon fura.

Matarsa Minakshi, kullum kafin hantsi,
takan duƙa a bakin ƙofa da garin shinkafa,
ɗigo, ɗigo, sai zare ya kewaye ɗigon
bai tsinke ba, bai taɓa shi ba.
Na ce mata: wannan ai ƙanen dagi ne.
Kafin azahar tururuwa sun kwashe.
Ta ce don su ta yi.

Da kaka ta yi, auduga ta fashe a gona,
suka aika wa ƙanwata Tumba:
kasko ɗari da takwas, kowane kamar tafin jariri.
Man gyaɗa daga Tudun Wada,
lagwani daga ragowar zaren masaƙa.
Daren nan aka ɗauke wuta.
Kwatas duka ya yi baƙi ƙirin,
sai gida ɗaya, katanga da taga da matakala,
yana ƙyafta ido ɗari da takwas.
Yara suka hau katanga, aka miƙo musu alewar madara.
Tana kaɗa ƙararrawa ladan ya ɗaga murya,
sai ta kama harshen ƙararrawar da yatsu biyu
har ya sauke.
Ni kuma na ɗauki butata.

An yi magana, ba na ɓoyewa.
A majalisa Barmo ya ce: Nomau ya gina wa gunki ɗaki.
Na kwana ina juyi.
Na je wa Malam da tambaya, na dawo da tawa amsar a ciki,
har yau ban gama tauna ta ba.

Masaƙa ta yi shiru. Ciyawa ta ci layin dogo.
Suka naɗe mai ɗakin a cikin zane ja,
suka tafi da shi, suka bar mini ƙararrawa,
tana wuyan akuyar jikata.

Bara na bi ta kwatas neman inuwa.
Wani tela ne a gidan yanzu.
Hawa bakwai na nan, ɗaya ya gutsure,
baƙin hayaƙi bai fita daga rufin ba.
A ciki ya ajiye tocila, da allura,
da wayarsa tana caji.
Ya ce: Baba, ko ka san wanda ya yi wannan?
Ruwa bai taɓa shigarsa ba.

Na ce ya ba ni ruwa in sha.