Kwabon da Ba Shi da Fuska

Shekara talatin ina canji a Tudu,
jaka a hammata, ido a kan titi.
A gabana sidi ya tsufa,
a gabana aka aske masa sifiri huɗu.
Na ɗauka na sauke karatun kuɗi.

Sai Gariba ya dawo daga Turabulus,
siminti ya cinye masa tafin hannu,
ya dire mini gwangwanin madara:
"Baba, a ramin gini na tono su.
Kai ne gwani. Nawa ne?"

Tagulla goma sha bakwai,
kore ya rufe su kamar bakin rijiya.

Wata biyu suna kwance a man zaitun,
Lantana na mita, wai na tofinta ne.
Bayan la'asar, a barandarmu ta Nima,
yaran mota na kiran Sakul, Sakul,
ni ina bi da tsinken tsire.
Gaggawa a nan ita ke yanke hanci.

Kunne ya fito. Sai haɓa.
Sai rawanin ganye
a kan wani mai wuyan bijimi.
Haruffan na boko ne, bakin ba namu ba.
Jikata Zinatu ta tsinto su ɗai-ɗai,
muka gwada da littafi marar bango
da na taya a Makola:
sarakunan Rum.

A bayan wani, sojoji biyu da māsu.
A bayan wani, kyarkeci na shayar da tagwaye;
Zinatu ta ce a'uzubillahi, ta ƙara leƙawa.
Can ƙasa, haruffa uku ƙanana,
garin da maƙeri ya buga shi.

Sha shida sun amsa sunansu.
Kowa na naɗe shi a takarda,
sarki kusa da wanda ya kashe shi,
babu mai motsi.

Na ƙarshen sumul yake.
Ba tsatsa ta ci shi ba, hannaye ne:
mai gurasa, mai fito, mai bin bashi,
kowa ya tafi da ɗan abin da ya taɓa.

Gariba ya koma, damina biyu ke nan.
Lambarsa ba ta shiga.

Wannan ban naɗe shi ba.
Yana aljihuna, tare da carbi,
ina murza shi da babban yatsa,
na san ƙara shafe shi nake yi.

Nawa ne, Baba?
Har yau ban ba yaron amsa ba.