Ragon Cikin Waya

Shekara talatin da ɗaya ina rubutun allo a Tashar Dukku,
sunan shago, bayan tirela, "Ba bashi yau, sai gobe",
har tafin hannuna ya haddace warin fenti da kananzir.
Jajiberin Layya, da hantsi, sai ga Bappayo yaron shagona
ya miƙo mini waya:
"Oga, masu binciken nan sun yi wa sunansu kwalliyar Sallah."

Na goge tabarau da bakin riga.

Haruffan da na saba gani a jere kamar 'yan sintiri
yau an lanƙwasa su, an rataya musu fitilu.
Na tsakiyar kuma, wai rago ne.
Rago?
Curin auduga mai ƙafa huɗu,
ba ƙaho, ba doron hanci, ba wuyan da za ka dafa,
yana murmushi kamar bai san ranar ba.
Wanda ya zana wannan bai taɓa shiga Tike ba,
bai ga balami ya tsaya ya kai wa dillali ƙugu ba,
bai ga uda ba,
rabi fari, rabi kamar an tsoma shi a marina
aka kira mai rinin cin tuwo.

Jinjirin watan ya yi ƙiba, ɓawon kankana sak.
Fitilun kuwa na wani gari ne.
Kaf Jekadafari ba gidan da ya kunna irinsu,
mu da muka tashi daga aci-balbal muka faɗa tocilan.
Koren ma bai nuna ba.
Su zo Dadin Kowa a watan Agusta,
masara ta koya musu kore.

Bappayo ya ce, "Ai na yini ɗaya ne, gobe sun sauke."
Na ce to ka ji.
Allon da na yi wa Inna Dudu mai masa
damina goma sha ɗaya yana shan ruwa,
wasali ɗaya bai zube ba.

Amma da dare, bayan an ja ƙyaure,
na ce ya bar mini wayar.
Na buɗa hoton da yatsu biyu.
Layin bindin nan, wallahi, hannu bai yi rawa ba.
Shan kwana ɗaya, numfashi ɗaya.
Na san abin da ake biya kafin a iya haka.

Sai na tuna zakin da na yi wa motar Alhaji Gidado,
ni da ban taɓa ganin zaki ba sai a jikin kwali.
Direba ya zagaya shi sau biyu, ya ce,
"Malam, wannan kyanwar ruwa ya doke ta?"
Haka ta je Fatakwal ta dawo shekara tara,
ba wanda ya kai ni ƙara wajen zakuna.

Da asuba na jawo guntun falanki,
na dama baƙi, na dama fari,
na tsayar da uda kan ƙafafunsa, ƙaho a baje,
ido a buɗe, ba murmushi.
Na ce, "Bappayo, ɗauki hotonsa ka aika musu."
Ya ce, "Oga, ga wa? Ina adireshi?"
Na ce, "Tambayi wayar mana.
Ba kai ka ce ta san komai ba?"