Allon Gadar Ƙofar Nassarawa

Ni na liƙa ta.
Da tsani, da bokitin gam, da tsintsiyar shafawa,
da asuba, kafin 'yan adaidaita su cika titi,
na shimfiɗa fuskar ƙanwata a saman gada,
kuncinta ɗaya ya fi ƙofar zaurenmu faɗi.

Sai da na sauko na ja da baya
na ga aikin da aka yi mata.
Idon nata ne. Wushiryar tata ce.
Tabon da kaskon wuta ya bar mata a haɓa
tun tana rarrafe, an share.
Fatar nan da Inna ke cewa
kamar ƙasar fadama ce bayan an ɗauke ruwa,
an wanke ta a kwamfuta
har ta koma rogon da aka ɓare.

A ƙasa: HASKE MABUƊIN ARZIKI. SATI BIYU KACAL.
Da baƙaƙe aka rubuta,
in ba haka ba wa zai iya karantawa?

Barira ba ta taɓa buɗe kwalbar ba.
Dubu goma sha biyar suka ba ta
a wani ɗakin hoto a Fagge, da lemo guda,
suka ce ta yi murmushin wadda ta sami aiki.

Ran Talata ta sa takardunta a leda
ta shiga adaidaita.
A ƙarƙashin gada cunkoso ya tsayar da su,
direba ya leƙa sama ya ce, farar mace alkyabbar mata,
na kusa da shi ya ce, ko mayya ce a ɗaura,
ita tana bayansu da ledarta a cinya
tana jin ana neman aurenta a sama.

Sabon kanti ne a titin Gidan Zoo, gilashi da sanyi.
Manaja ya duba takarda, ya dube ta,
ya fi daɗewa a na biyun.
Ya ce, ƙanwata, lissafinki ba laifi,
amma kujerar nan fuskar kanti ce.
Kin biyo ta gada?
To irin waccan yarinyar muke nema.

Da dare tana ba ni labari tana dariya,
irin dariyar da ba ta kai ido:
Yaya, an ƙwace min aiki,
kuma ni na ƙwace.

Ragowar kuɗin hoton
a Sabon Gari ta bar su.

Yau sati na tara.
Goshi ya yarda, kunci ya yarda,
gaɓoɓin yatsu sun ce ba da su ba,
sun tsaya baƙi ƙirin kamar shaidun da suka ƙi karɓar goro.
Ba ta iya tsayawa gaban murhu.
Rana na cizon ta ta cikin mayafi.
Koriyar jijiya ta fito a gefen wuya
kamar hanyar da ba a so a bi.
Inna ba ta ce uffan ba,
sai dai kullum da safe
akwai ɗan gwangwanin man kaɗe a bakin tagarta,
kullum da yamma yana nan yadda yake.

Jiya kwangilar allo ta ƙare.
Aka ce in je in yage, tallan shinkafa zai hau.
Na fara daga haɓa, inda tabo ya kamata ya kasance.
Takarda ta biyo hannuna tana kuka,
bayanta ƙarfe ne, rana ta gasa shi, bai canza ba.

Guntu ɗaya na naɗe na sa a aljihu:
ƙwayar idon hagu,
girman faifai,
baƙa wuluk.
Nan ne kaɗai ba su taɓa ba.

Yana ƙarƙashin katifata.
Ban san ranar da zan nuna mata ba.