Sharhi Kan Faifai Uku na Arzika

Mai shirin rediyo ya ce, Hantsi, kada ka ja zance,
ka ba kowane faifai maki, ka miƙo kafin Laraba.
Na ce to.
Ban tuna masa ba cewa shekara tara na yi a bayan mutumin nan,
ina kallon ƙeyarsa, ina riƙe masa kiɗa.

Na fari shi ne Ɗakin Haya.
A Yelwa aka naɗe shi, bayan shagon wani tela.
In ka kasa kunne a waƙa ta uku
za ka ji keken ɗinki na cin bakin zanen wata.
Jita ɗaya, murya ɗaya, sai tari jefi-jefi.
Arzika na gaggawa a nan
kamar wanda ya hango jirgin fito zai tashi babu shi.
Da can in ya soma wannan gudun
ni ke ja masa linzami da kalangu.
Ya zagi ’yan ƙungiya a baiti biyu, bai kama suna ba,
amma gurgun da ya ce yana gyangyaɗi a kan ganga,
kowa a Yawuri ya san wa ke ɗingishi.
Na rubuta: ɗanye aka tsinko shi. Huɗu cikin goma.
Na goge, na sa biyar.

Na biyu, Kuɗin Albasa.
Ya sami rufin asiri, ya hau mota zuwa Birnin Kebbi,
aka haɗa shi da injin kiɗa.
Inji ba ya kuskure,
ba ya kuma jiran mutum ya haɗiye miyau.
Waƙa takwas an goge su sumul kamar tasar amarya,
ba inda kunne zai kama ya huta.
Sai guda ɗaya,
ta uwarsa Inno mai suyar kifi a bakin tasha,
inda ya manta da lasifika
ya ƙirga ƙunar mai a bayan hannunta har sha ɗaya.
Na ci kifin nan bashi ba sau ɗaya ba.
Don ita kaɗai na ba shi shida.

Na uku ya fito bana, Bayan Ruwa Ya Janye.
An ce gulbi ya shanye masa shinkafa, kadada biyu.
Tsirkiya guda ta tsinke a tsakiyar waƙar farko,
bai tsaya ba, bai sake ta ba,
haka ya ƙarasa faifan da biyar ɗin da suka rage.
Muryar ta sauka, ta yi kauri,
kamar kunun da ya kwana.
Ba zagi, ba kirari,
sai sunayen unguwanni da abin da kowa ya tsira da shi:
wani tabarma, wani akuya, wani rediyo maras batir.

A waƙar ƙarshe yakan kai ƙarshen baiti ya yi shiru.
Na ƙirga. Bugu huɗu.
Ya sake rerawa, ya sake yin shiru. Huɗu cif.
Ban san sa’ad da hannuna ya sami teburi ba,
sai da kofin shayi ya yi rawa ya zube a kan takardar,
’yata Tumba ta leƙo tana cewa, Baba, lafiya?

Wataƙila numfashi kawai yake ja, shekaru sun soma hawa.
Mai sharhi bai kamata ya ga kansa a gonar wani ba.

Laraba ta wuce.
Mai shiri ya kira sau uku, ina makin na ƙarshe?
Na ce ina nan ina saurare.
Da la’asar na sauko da kalangun daga kan ƙusa,
ɓera ya ci gefen fatar.
Na tambayi Gado baduku nawa zai ɗaura sabuwa,
ya faɗi kuɗin da ba ni da su,
na ce ya dai ajiye mini zuwa ranar kasuwa.