Bayan Takardar Awo

A Gadarif nake awon riɗi.
Shekara talatin ina bakin sikeli,
daga tafiyar ɗan dako nake gane nauyin buhu.
Ɗana Jazuli ne na rasa abin auna shi.

Yana da tara ya ɗauke gwangwanin man uwarsa,
ya zare wayar birkin kekena,
ya ɗaure su a jikin muciya.
Ranar da shayi da burodi muka kwana,
da safe na gangara kasuwa ina birki da silifa.
Abin yana kuka kamar akuya ta maƙale a shinge,
har Usta Daifalla ya leƙo ta katanga:
"Malam Hamidu, yanka za ku yi ko magani?"

Sai kuma tantabaru.
Akwatin tumatir uku a kan rufin kicin,
kowace da suna, kowace da ranar ƙyanƙyasa a jikin katako.
Akwai mai wuyan toka da yake kira Hajiya.
Ya sayar da ita don ya sayi tsirkiya ta gaske,
kafin magariba ta dawo gida.
Ya sake sayarwa, ta sake dawowa.
A na uku na riƙe kunnensa har ƙofar mai saye,
ya mayar da kuɗin yana haɗiyar kuka.
Da dare na ji shi yana ba ƙannensa labarin,
yana gyarawa, yana ƙara gishiri,
har na zama kura a ciki.

Takardun awona suka fara ɓata.
Na zargi ɓera, na zargi yaron shago.
Wata damina, baƙar laka ta hana motoci shigowa,
ina neman lissafin wani manomi daga Doka,
na same shi a ƙarƙashin katifar yaron,
shi da 'yan'uwansa sun fi ɗari.
Gaba lambobina, baya hannunsa.
Baƙaƙen Larabci na makaranta,
amma bakin na gida ne,
kuma inda harafi ya kasa ɗaukar ɗa da ƙa da tsa
ya ɗiga masa ɗigo uku, nasa na kansa.

Maganar Inna ce a ciki, uwata,
wadda aka goyo daga Haɗeja a hanyar hajji,
aka ce a tsaya a yi noma damina ɗaya,
ɗayar ta zama tamanin.
Kalmomin da muka bari suka zube
kamar riɗi daga buhu mai huda,
shi ya bi yana tsinta, ƙwaya ƙwaya,
lokacin da muke cewa tsohuwa surutu take.

Ba zan yi ƙarya ba, ba duka ne masu daɗi ba.
Akwai na soyayya da suka sa na tari.
Akwai inda ya hau doguwar kalma ta kayar da shi.
Shi ma ya sani: wasu ya soke su har takarda ta huje.

Yanzu yana da sha tara.
Garayarsa ta ƙwarya ce, da hannunsa ya ja fatar,
in ya taɓa ta bayan isha
Usta Daifalla yakan kashe rediyo.
Ranar arba'in ɗin Inna bai kaɗa komai ba,
ya karanta shafi biyu kawai,
mata suka ja mayafi suka rufe fuska
don sun ji ta tana faɗa a kan gishirin miya.

Ban ce masa komai ba.
Mu ba mu iya irin wannan maganar ba.
Sai dai bana littafin awo biyu na saya,
na manta ɗaya a kan akwatin tumatir,
inda jikokin Hajiya ke kwana.