Ɗakin Baya

Ɗakin baya na gidanmu a Barnawa
ya shekara shida yana gadin tsofaffin jaridu
da keken Tanimu, Allah Ya jiƙansa,
wanda ya yi ta kai shi masaƙar Kakuri har ranar da aka garƙame ta.
Haƙƙinsa kuwa sai ka ce hadarin kaka,
a yi ta cida, babu ɗigo.

Rumasa'u ce ta zo hutu, ta ce, "Mama, mu sa shi a waya.
Baƙi su kwana biyu, uku, su biya, su wuce."
Na ce, "Ke, a gidan ubana
ruwa ake miƙa wa baƙo, ba rasit ba."
Ta yi dariya, ta ɗauko tsintsiya.

Awarwarona biyu suka tafi.
Fenti galan uku, ruwan madara.
Katifa kuwa sai da na zauna a kai, na tashi, na sake zama,
har mai shagon ya ce ko ya kawo mini filo.
Zanen gado fari ƙal, wai baƙi ba sa yarda da mai fure.
Tawul huɗu, sabuwar buta,
batirin sola ya lashe kwasar adashena kaf.

Ta hau kujera ta ɗauki hoto,
ɗakin ya fito da faɗi kamar filin ƙwallo.
Na ce, "Wannan ba ƙarya ba ce?"
Ta ce, "Haske ne, Mama."

Malam Isiyaku mai unguwa ya tsaya a bakin get:
"Su wa za su riƙa shigo mana layi?"
Na ce kowa ya zo sai na ga katinsa, na rubuta a littafi.
Ya ce, "Kati ba ya nuna hali."
Ban da amsa. Har yau ban da ita.

Kwana goma sha ɗaya, shiru.
Ina share ɗakin da ba wanda ya ɓata.

Ranar Talata wayar ta yi tari.
Madam Ebiere daga Fatakwal,
ɗanta zai yi faretin fita a makarantar soja.
Jirgi ya sauke ta a Rigasa bayan isha'i,
tana sa ƙafa a ƙofa Nepa suka ɗauke,
batirin adashena ya yi ƙyafta biyu, ya bi su.
Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muka zauna a baranda da fitila ɗaya.
Hausarta ba ta wuce "sannu" ba,
Turancina na sayen magani ne.
Ta nuno mini yaron cikin kaki, kunnuwa fato-fato.
Na zubo mata tuwo da miyar kuka,
abin da ba ya cikin lissafi.
Da asuba na hura gawayi a dutsen guga,
na goge mata ɗankwalin da za ta ɗaura a ga uwar hafsa.

Taurari huɗu ta ba ni, ta riƙe ɗaya,
wai saboda zakaran maƙwabta.
Na ƙirga kuɗin sau biyu,
na cire na sabulu, na gas, na mai gyaran batir,
abin da ya rage ya tsaya mini a tafin hannu
yana kallona, ina kallonsa.
A kan tebur ta bar ƙullin busasshen kifi.
Shi ma ba ya cikin lissafi.

Baƙo raɓa ne, haka aka ce,
amma raɓar nan tana barin wanki.
Ga zanen gado can a igiya.
Makulli yana rataye a ƙusar da Tanimu ke rataya hula.
Juma'a wasu biyu za su zo daga Sakkwato baje koli,
ni kuma bari in yafa mayafi
in je mu yi cinikin zakaran nan.