Butar Ombretta

Asabar ce a Jenowa, yayyafi bai tsaya ba,
jiragen ruwa na gunji can ƙasan unguwa.
Na shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin kicin,
na kwance butar gahawa gida uku:
gindi, mazurari, da kai mai kusurwa takwas.

Shekara talatin da ɗaya tana hannun Ombretta,
wata goma sha huɗu tana hannuna,
a hannuna ta lalace.

Ita kan ce kada sabulu ya kusance ta,
ruwan zafi da yatsa sun isa,
sai a kife ta, ta sha iska.
Ni kuwa na riƙe rabin maganar, na yar da rabi.
Ban sa sabulu ba, wannan gaskiya ne,
amma ban wanke ba, ban kife ba,
na bar diddiga tana kwana ciki har ta yi fumfuna.

Kowace safiya gahawar na zuwa da ɗaci,
irin mai kama maƙogwaro ya ƙi saki.
Na ce wa kaina ɗacin rashi ne,
na dinga sha kamar mai biyan bashi.

Jiya Fiorenza ta sauko daga Turin,
ta kurɓa sau ɗaya, ta dire finjali,
ta dube ni da idon uwarta:
"Baba, wannan ba makoki ba ne, dauɗa ce."
Na so in yi fushi, dariya ta riga ni.

Ga ni yau da tabarau a karan hanci.
Robar da ke tsakani ta bushe ta tsage,
na ɓanɓaro ta da tsinin wuƙa,
ta fito guntu-guntu kamar ƙanzo.
Gualtiero mai shagon ƙusoshi ya sayar min sabuwa,
ya ce, "Ermete, sau ɗaya a shekara ake canzawa."
Ashe ita ke zuwa wurinsa duk bazara,
ban taɓa sani ba.

Matatar na ɗaga ta saitin fitila,
rabin hudojinta sun makance.
Da allura na bi su ɗai-ɗai,
na ƙirga har saba'in, lissafi ya ɓace min.
Tsohon buroshin haƙori ya shiga lungunan,
baƙin maiƙo na fita, yana warin tsohuwar gyaɗa.
Ɗan maɓallin huci na danna shi, ya ƙi,
na sake dannawa, ya yi ƙas, ya motsa.

Saura gindin.
Ruwan famfo ya bar masa farin ɓawo,
na matse lemun tsami biyu, na ƙara ruwa,
na zauna ina jin sa yana tsuwa ƙasa-ƙasa.

Da ɓawon ya saki, sai ga wani zane,
siriri, a karkace, ƙasa da maɓallin kaɗan.
Hannunta ne. Da wuƙa ta ƙarce shi:
nan ruwa ke tsayawa.
Wata goma sha huɗu ina cika shi har baki.

Na daɗe ina riƙe da ƙarfen,
har sanyinsa ya koma ɗumin tafina.

Dafin farko na zubar a rariya, haka ake yi.
Na biyu ya taso a hankali, yana gurnani,
ƙamshi ya bi matakala ya tashi Fiorenza.
Ta fito da rigar barci, gashi a hargitse,
muka sha a tsaye, ba wanda ya ce uffan.

Da muka gama na ɗauraye da ruwan zafi,
na bi ciki da yatsa,
na kife gida ukun a bakin taga.